An kira ni intabiyun aikin laburaren jami'a, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ilimin laburare na karanta, na gama bautar ƙasa bara, yanzu kuma wata jami'ar tarayya ta kira ni intabiyu a matsayin mataimakiyar laburariyan, saura sati biyu. Na kwaso tsofaffin handawut ɗina ina ta hadda amma gabana sai faɗuwa yake yi. Me ake tambaya ne, kuma ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa alheri ne ya kira ki. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba, ki rufe handawut ɗin nan tukuna. Ba wai ba su da amfani ba ne, za mu dawo kansu, amma na zauna a fanel ɗin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma wallahi duk wanda ya shigo yana zuba mana ma'anar laburare kamar yana biya allo, kafin ya kai aya mun san daga inda ya kwaso, don wasu daga cikinmu su suka rubuta handawut ɗin. Mutum goma sha za su shigo a rana ɗaya kowa da wannan karatun. Abin da muke nema a ranmu guda ɗaya ne, idan muka ajiye yarinyar nan a kan tebur ranar Litinin da safe, ɗalibi ɗan aji huɗu ya zo ido ya raina fata furojet ya tsaya masa, ga wuta babu, ga sabis yana wasa, za ta iya sallamarsa da abin da ya zo nema ko kuwa za ta ce ya dawo gobe?

To abu na farko, kuma in da za ki yi shi kaɗai ki bar sauran da na fi so, ki tashi ki je laburaren jami'ar da ta kira ki kafin ranar. Ki je da ƙafarki. Ki ɗauki katin shaida ki gaya wa masu tsaron ƙofa ke mai bincike ce daga waje kina son dubawa, yawanci za su tura ki wurin jami'in da ke kula da masu karatu ya ba ki izinin yini. Ki zagaya a hankali. Ki ga ina sashen aro yake, ina sashen littattafan da ake ajiyewa ba a fita da su, ina na mujallu da jaridu, ina ɗakin kwamfutoci, guda nawa ke kunne a ciki, ɗalibai karatu suke yi ko cajin waya. Ki zaro littafi daga kanta ki dubi lambar da ke manne a bayansa, in kin ga haruffa a gaba kamar BP ko QA ko DT kin san tsarin Laburaren Majalisar Amurka suke bi, wanda akasarin jami'o'inmu shi suke amfani da shi, in kuwa lambobi ne zalla kamar 297 to Dewey ne. Ki tambaya wace manhaja suke aiki da ita, Koha ce ko wata, ko kuwa har yanzu akwatin kati ne ke aiki manhajar tana nan a takarda kawai. Ki duba ƙarfe nawa suke rufewa. In tafiyar ba za ta yiwu ba saboda nisa ko hanya, to ki shiga shafinsu na intanet ki tone shi tas, sannan ki nemi ko ɗalibi ɗaya na makarantar ki kira shi ki tambaye shi me ya fi ba shi haushi game da laburarensu, za ki sha mamakin abin da za ki ji cikin minti biyar.

Dalili kuwa, kowane laburare da halinsa. Wanda zai shiga intabiyu a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ya kamata ya san sunan wa aka sa masa, wato Sir Kashim Ibrahim gwamnan tsohuwar Jihar Arewa, ya san jami'ar an kafa ta 1962, ya san kuma ba gini ɗaya ba ne, akwai rassa a Kongo da wajen likitoci da wajen aikin gona, ana iya jefa shi ko'ina. Na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato sunan Abdullahi Fodiyo yake ɗauke da shi, na Jami'ar Maiduguri kuma Laburaren Ramat. Abin kunya ne a tambaye ki sunan gidan da kike neman shiga ki tsaya kina kallon silin, kuma ana yi, na gani da idona. Ki san sunan babban laburariyan na yanzu, ki san tsangayoyi nawa ke jami'ar da kwasa-kwasan da ta fi ƙarfi a kansu, don wanda ke neman aiki a jami'ar noma ba irin shirin wanda ke neman na jami'ar fasaha zai yi ba.

Na biyu, ki gane irin kujerar da kike nema. Mutane da yawa har da iyayenmu a gida ganin suke aikin laburare shi ne zama a bakin ƙofa ana buga hatimi. A jami'a kuwa laburariyan ma'aikacin ɓangaren koyarwa ne, tsarin albashinsa ɗaya da na lakcarori wato CONUASS, ƙungiyarsa ASUU, kuma ƙarin girmansa ba ya zuwa sai da ƙarin karatu da rubuce-rubucen bincike da aka buga a mujallu. Daga mataimaki ake farawa, sai laburariyan mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babba, haka har mataimakin shugaban laburare da shi shugaban kansa, wanda yana cikin manyan jami'an gudanarwa tare da rajistara da basa. Wannan layin daban yake da na jami'an laburare masu difloma, su suna ɓangaren da ba na koyarwa ba. Don haka kusan dole a tambaye ki yaushe za ki fara mastas kuma a kan me kike son yin bincike. Kar ki ce "duk abin da aka ba ni", wannan amsar tana kashe mutum. Ki zaɓi abu ɗaya da ya dame ki da gaske, misali yadda ɗaliban digiri na biyu ke faɗawa hannun mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai ba tantancewa, ko yadda za a adana rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke hannun iyalai suna lalacewa, kin ga wannan a Arewa magana ce mai nauyi, ga Gidan Arewa a Kaduna ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato duk suna riƙe da irin waɗannan takardu. Sannan ki sake karanta furojet ɗinki na digiri daga farko har ƙarshe. Eh, naki. Za a tambaye ki me kika gano, mutum nawa kika raba wa takardar tambayoyi, me ya sa kika zaɓi wannan hanyar, kuma a nan ne ake kama waɗanda aka rubuta musu.

Maganar takardu ba zan daɗe a kai ba don kin sani. Na asali da kwafi, a jere cikin fayil yadda aka lissafa a wasiƙar gayyata, sakamakon sakandare, digiri, takardar NYSC, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma saboda rabon gurabe na tarayya, in sunanki ya canza bayan aure ki haɗa da takardar rantsuwa ta kotu da shafin jaridar da aka buga. Wadda ake mantawa ita ce rajistar LRCN, hukumar da dokar 1995 ta kafa don yi wa laburariyoyi rajista, ita ke ba mutum damar sa CLN, wato shaidar laburariyan mai rajista, a bayan sunansa. In kin yi ki zo da shaida, in ba ki yi ba ki fara yanzu ki zo da rasit, kuma kar ki rikita ta da NLA, ita NLA ƙungiya ce ta 'yan sana'a tun 1962, shiga cikinta ganin dama ne, LRCN kuwa hukumar gwamnati ce. Ana yawan jefa wannan tambayar don ta yi sauƙi kuma tana yar da mutane.

Yanzu mu dawo kan handawut. Akwai abubuwan da dole su zauna miki daram, amma da hannu ake koyonsu ba da baki ba. A cikin fanel ba a rasa wani tsohon ɗan katalogin, irin mutanen nan da suka yi shekara ashirin a ɗakin baya suna rubuta kati, shi ba ruwansa da turancinki, zai iya turo miki littafi a kan tebur ya ce to Malama ina za ki ajiye wannan. Abin da yake so ya gani shi ne ina hannunki zai fara zuwa. In kika tsaya kina juya bango kin faɗi. Shafin take ake buɗewa, sai bayansa inda ake samun shekarar bugu da mawallafa da lambar ISBN, sai jerin abubuwan da ke ciki da gabatarwa don a gane ainihin maudu'in, don take yana yaudara. Ki faɗa da baki abin da kike yi yayin da kike yinsa. Ba wanda yake tsammanin kin haddace jadawalin rarraba littattafai na tsarin Laburaren Majalisar Amurka gaba ɗaya, amma manyan rukunan ya kamata su zo miki ba tunani, Q kimiyya, R likitanci, S noma, T fasaha, K shari'a, L ilimi, Z namu na laburare, BP Musulunci, PJ nan Larabci yake, harshen Hausa da adabinsa kuma suna cikin PL, tarihin Nijeriya DT515. Ki san cewa laburaren likitoci da yawa tsarin NLM, wato na Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka, suke bi, na lauyoyi kuma da yawa tsarin Moys, don kar ki ce duk jami'a tsari ɗaya ne. Ki san a ƙa'idojin rubuta bayanan littafi a katalog RDA ce ta zo ta gaji AACR2, an fitar da ita 2010, ko da yake gaskiya wurare da yawa a nan har yau tsohuwar ake bi, kuma ba laifi ki faɗi haka cikin ladabi. A MARC, wato tsarin shigar da bayanan littafi a kwamfuta, ki riƙe 'yan filayen da kullum ake cikewa, 020 na ISBN, 100 na marubuci, 245 na take, 650 na maudu'i. ISBN lamba 13 ce tun 2007, ISSN ta mujallu lamba 8, kuma a Nijeriya Laburaren Ƙasa ne ke bayar da su, shi ne kuma doka ta ce duk mai buga littafi ya kai masa kwafi.

Ga wata tambaya da nake so in ga an yi wa 'yan Arewa ita don mu ta fi shafa. Marubuci Bahaushe sunansa uku, nasa, na mahaifinsa, sai na garinsu kamar Funtuwa ko Gusau, a wani littafin ya sa duka ukun, a wani ya taƙaita na tsakiya, a wani kuma ya ƙara Alhaji ko Malam a gaba. Da wanne za ki shigar da shi? In kowane ɗan katalogin ya yi yadda ya ga dama, littattafan mutum ɗaya sai su watse wuri uku ɗalibi ya nema ya rasa. Amsar ita ce a zaɓi siga ɗaya a tsaya a kanta a cikin fayil ɗin tantance sunaye, sauran sigogin a yi musu nuni zuwa gare ta. In kika kawo wannan misalin da kanki ba a tambaye ki ba, tsohon nan zai ɗago kai ya dube ki, ni na san haka.

Koha kuwa kyauta ce, daga Niyuzilan ta samo asali, akwai shafukan gwaji a intanet da kowa zai iya shiga ya yi wasa da su. Ki zauna dare biyu ki shigar da littafi, ki yi wa mai karatu rajista, ki ba shi aro, ki karɓa, ki ci shi tarar jinkiri. Bambancin "na san Koha" da "na shigar da littafi goma a Koha na ga inda ake maƙalewa" kamar bambancin wanda ya ji labarin tuƙi ne da wanda ya taɓa riƙe sitiyari. Haka DSpace, ita ce jami'o'i da yawa ke zuba kundayen digiri da maƙalun malamansu a ciki don duniya ta gani, ki shiga rumbun jami'ar da ta kira ki ki ga yaushe rabon da a saka sabon abu.

Sai ɓangaren da yanzu ya fi cin maki, wato nemo bayanai a intanet. Ki san Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun bincike, da rassanta biyar, Hinari na lafiya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na ƙirƙira da fasaha, GOALI na shari'a. Ki san JSTOR da ScienceDirect da EBSCOhost rumbunan mujallu ne, yawanci na kuɗi ne sai makaranta ta biya, AJOL kuma mujallun Afirka ta tara, DOAJ jerin mujallun da ake karantawa kyauta ne. Amma jero sunaye ba shi ne ba. Za a ce miki ga ɗaliba tana rubutu kan zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu a Kano, nuna mana yadda za ki taimaka mata. Nan sai ki fara da tambayarta me take nufi takamaimai, magani ne ko rigakafi, daga wace shekara zuwa wace, sannan ki fasa maudu'in gida-gida, ki nemo kalmomi masu ma'ana ɗaya, ki haɗa su da AND da OR, ki ce za ki fara da Hinari da PubMed, rumbun maƙalun lafiya, in ba a samu cikakkiyar maƙala ba ga hanyar da za ki bi. Ki ƙara da cewa za ki nuna mata Zotero ko Mendeley don jera madogara a tsarin APA bugu na 7. Wannan ita ce amsar mai aiki. Kuma ki shirya wa tambayar ChatGPT, don yanzu ba fanel ɗin da ba ya yinta. Kar ki ce haramun ne a hana, kar kuma ki ce ya maye gurbinmu. Ra'ayina, wanda kina iya ɗauka ko ki bari, shi ne abin yana ƙirƙiro sunayen littattafai da maƙalun da babu su a duniya, ɗalibi ya kwafa ya kai wa malami, to aikinmu ya ƙaru ne, mu ne za mu koya masa yadda zai bi kowace madogara ya tabbatar tana nan.

Kuɗi. Za a iya tambayarki daga ina laburare ke samun abin sayen littattafai. A makarantun gwamnati babban jigo TETFund ne, yana da kaso na musamman na bunƙasa laburare, makarantu masu zaman kansu ba sa ciki. Ki kuma san me ake nufi da zuwan 'yan tantance kwasa-kwasai na NUC, hukumar kula da jami'o'i, don a wannan makon babu mai barci a laburare, suna duba ko akwai littattafai da mujallu na kwanan nan a kowane fanni da kuma ko ɗakin kwamfuta yana aiki, kuma kwas yana iya samun matsala saboda laburare. A kwalejin kimiyya da fasaha NBTE ce ke wannan aikin, a kwalejin ilimi NCCE.

Akwai tambayoyin hali, su ma ki yi tunaninsu tun a gida. Farfesa ya riƙe littafi shekara biyu ɗalibai na nema, ya za ki yi? Kin kama ɗalibi ya yage shafi ya cusa a riga fa? Wata shekara wani matashi ya ce mana shi kulle ƙofa zai yi ya tara ɗalibai a kansa ya zama darasi, muka yi dariya amma ba mu ɗauke shi ba. Ana so a ji kin san akwai doka a rubuce, akwai na gaba da ke, akwai jami'an tsaro da kwamitin ladabtarwa, kuma kin san yadda ake tunatar da babba ba tare da an ci masa fuska ba. In za ki ambaci dokokin ilimin laburare guda biyar na masanin nan ɗan Indiya Ranganathan na 1931, a irin nan ne wurinsu, musamman ta huɗu da ke cewa a tattala lokacin mai karatu, ki ɗaura ta a kan misali, kar ki rera su kamar taken ƙasa.

Sai wadda na san za ta zo miki ke musamman, aikin dare da na ƙarshen mako. Laburaren jami'a ba ya tashi ƙarfe huɗu, ana yin karɓa-karɓa, lokacin jarrabawa abin ya fi tsanani. Ki yi wannan maganar da mutanen gida tun yanzu, da Baba ko da maigida in kina da aure, ki shiga da amsar da kika tabbatar. Mun sha ganin wadda ta ce ba matsala a gaban fanel, wata biyu da kama aiki sai ga takarda ana roƙon a cire ta daga jadawalin yamma, nauyin ya koma kan abokan aikinta, daga nan zaman ya ɓaci. In akwai iyaka ki faɗe ta da gaskiya tare da abin da za ki iya bayarwa a madadinta, an fi ganin girman haka.

Ranar kanta, ki isa da wuri don ana iya cewa ƙarfe tara a kira ki bayan la'asar, ki tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa. Shigarki ta mutunci wadda kika saba, atamfa da mayafi ko hijabi duk daidai ne, kawai kar ki sa sabon takalmin da zai dame ki. Intabiyun da Turanci za a yi, to ki samu wata ƙawa ki riƙa amsa mata da ƙarfi kullum, musamman "gaya mana ko ke wace ce", minti biyu ya isa, karatu, inda kika yi aikin koyon sana'a da bautar ƙasa, abin da hannunki ya taɓa yi a can, ba tarihin unguwarku ba. Muryarki ta fito, kunyar nan tamu ta sunkuyar da kai a gaban manya tana da kyau a gida, amma wanda za a tura ya tsaya gaban ɗalibai ɗari biyar 'yan aji ɗaya ya koya musu amfani da laburare dole a ji shi daga ƙarshen tebur. In an yi miki tambayar da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba amma ga inda za ki duba, a sana'armu wannan rabin amsa ce, kame-kame ne ba a yafewa.

A ƙarshe za su ce kina da tambaya? Kar ki tambayi albashi, yana nan a jadawali kowa ya sani. Nan ne zuwan da kika yi zai biya ki, ki ce na lura kundayen da ke rumbunku na intanet sun tsaya a shekara kaza, akwai shirin ci gaba da ɗorawa ne, don ina sha'awar wannan aikin. Ki faɗa a matsayin mai son taimakawa, ba mai tonon asiri ba, shugaban laburaren yana zaune a wurin kuma gaban shugabanninsa ne.

Ki je zagayen nan cikin satin nan kar ki bari sai ya ƙure. In kin dawo ki turo min lambar da kika gani a bayan littafi guda uku da sunan manhajar da suke amfani da ita, sai in haɗa miki tambayoyin gwaji a kansu mu yi ta waya. Allah ya ba da sa'a, ki gaida su Mama.